Kafin ka ce a yi fomatin: Matsalolin haɗa fosta da hoto a kwamfuta

A ZAMANIN kaset, furodusa ba fim ya ke sayarwa ba, kwali ya ke sayarwa. Ba lallai ne matasan yanzu su san wannan ba. Idan an gama ɗaukar fim an tace shi, furodusa zai kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai uwar kaset, su kuma su nemi kaset wanda babu komai a ciki su yi ta kwafa, shi kuma ya buga kwalayen da za a zura kaset ɗin a ciki ya sayar masu. Yawan kwalin da ya shiga kasuwa shi ne yawan kuɗin sa. Saboda haka idan mai haɗa hoton kwali ya kwafsa, fuskar jarumi ta fito jawur, ko sunan fim ya fito da harafi a karye, to fa jarin mutum ne ya shiga ruwa.

Yau kaset ya tafi, sidi ma ya bi bayan sa. 'Labarina' da 'Izzar So' a talabijin da waya aka san su. Amma sana'ar haɗa hoto ba ta mutu ba, sai ma yaɗuwa da ta yi har ƙauye. A Rano da Kibiya, har irin su Yalwa da Rurum da Tarai, duk inda ka ga matashi da kwamfuta a shago, za ka tarar aikin sa kenan: hoton fasfo, kalandar biki, sitikar suna, fostar 'yan takara, hoton hawan sallah, hoton da za a ɗora a goshin bidiyon barkwanci a YouTube, sai kuma uwa-uba masoyin da ya ke so a haɗa shi da gwanin sa a hoto ɗaya.

Bambancin sa da na Zoo Road ɗaya ne. Shi na Zoo Road idan kwamfuta ta ƙi, zai leƙa shagon kusa ya kira wani ya duba masa. Na Yalwa kuwa sai ya ɗauki kwamfutar ya hau mota, ya bi ta Bunkure zuwa Kano, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya rufe shago yini guda. Ya na zuwa mai gyara zai ce, "Bairos ne, sai an yi fomatin." A share komai, har da aikin mutane na shekara biyu. Bayan sati guda matsalar ta dawo, domin tun farko ba a nan gizo ke saƙar ba. Gyaran gangar Auzinawa kenan.

Gaskiyar magana ita ce akasarin abin da ke hana Photoshop ko CorelDRAW aiki, ko ya ɓata hoto a wajen bugu, ba bairos ba ne. Abubuwa ne sanannu da mutum zai iya ganowa ya na zaune a kujerar sa.

Af, tunda ma'abota fim mu ke magana da su: ko kun san cewa Photoshop ɗin nan da ɗan fim aka ƙirƙire shi? Wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, su ka fara shi a 1987, kamfanin Adobe ya fitar da shi kasuwa a 1990. Shi John ɗin ma'aikaci ne a kamfanin George Lucas mai haɗa siddabarun fim, wato masu 'Star Wars'. Don haka ɗan gida ne.

HOTON DA YA FASHE

Wannan ita ce babbar matsala, kuma ita ce ta fi jawo rigima da kwastoma. A fuskar kwamfuta hoto ya yi kyau, ana bugawa sai ga shi dishi-dishi, fuska ta zama ƙananan murabba'ai kamar saƙar tabarma. Sai a ce laifin mai bugu ne. Ba ruwan sa.

Kowane hoto na dijital ɗigo-ɗigo ne, su ake kira fiksel, kuma adadin su a ƙirge ya ke tun ranar da aka ɗauke shi. Bugu mai kyau, irin wanda za a riƙe a hannu a duba, ya na son ɗigo 300 a kowane inci. To yanzu a yi lissafi. Hoton da aka tsayar aka ciro daga cikin tsohon sidi na bidiyo, ɗigon sa 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Idan ka raba da 300, faɗin sa bai wuce santimita 3 ba, wato ko hoton fasfo bai kai ba! Na DVD 720 ne da 576, ya ɗan fi kwalin ashana. Ita kuwa fosta mai girman A3 ta na neman 3,508 da 4,961. Ka ga wanda ya ciro fuskar marigayi Ahmed S. Nuhu ko ta marigayi Ibro daga tsohon faifai ya ce zai cika fosta da ita, ya na so ne ya miƙa ta ninki goma. Ɗinkin jariri ba ya shiga ƙato.

Wayar zamani ba ta da wannan matsalar. Kyamara mai megafiksel 12 ta na ba da ɗigo 4,000 da 3,000, kuma ya isa a buga A3 da shi ba a ji kunya ba. Inda ake yin asarar shi ne wajen turawa. Amarya za ta turo hoton ta ta WhatsApp, shi kuma WhatsApp ya kan matse hoto ya mai da dogon gefen sa wajen ɗigo 1,600. Ƙawar ta ta sake turawa, wani ya ɗauko daga sitatus, wani ma fuskar wayar ya ɗauka. Kafin ya iso shago ya zama ƙashi da rai. Magani shi ne ka ce a turo maka shi a matsayin dokumen, ko a zo da wayar da aka ɗauka da ita ka ciro da kebul. Tun 2023 akwai zaɓin HD a WhatsApp, ya fi na da, amma bai kai dokumen ba.

Akwai wata dabara da yara ke koya wa juna, wai ka shiga Image Size ka goge 72 ka rubuta 300, shi kenan hoto ya gyaru. Yaudarar kai ce. Idan akwai alama a ɗan akwatin nan da aka rubuta Resample, manhajar ƙirƙiro ɗigon ƙarya kawai ta ke yi ta cike gurbi, kamar mai nono ta ƙara ruwa. Cire alamar, sannan ka rubuta 300, za ka ga ainihin girman da hoton zai iya kaiwa. Abin da ta nuna maka shi za ka faɗa wa kwastoma tun kafin ka karɓi kuɗin sa.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Babban fileks da za a rataya a bakin titi, daga nesa ake kallon sa, ɗigo 100 a inci ya wadatar. Wanda ya dage sai 300 a fileks mai mita uku, shi ne zai kashe kwamfutar sa da nauyi a banza.

To ina batun Remini da sauran manhajojin da ke "wanke" tsohon hoto? Su na da amfani, amma a san abin da su ke yi: ba dawo da fuskar su ke yi ba, zana wata su ke yi da ta yi kama da ita. Shi ya sa za ka kai hoton kakan ka mai bille, a dawo maka da wani dattijo sumul wanda ba ka taɓa gani ba. Idan hoton mamaci ne, a nuna wa 'yan gidan kafin a buga.

"RUMBU YA CIKA"

Wannan kuma ita ce ta fi tsorata sabon shiga. Ana cikin aiki, ko ma tun wajen buɗewa, sai Photoshop ya fito da saƙon Turanci mai cewa "scratch disks are full", ya ƙi motsi. Ma'anar sa mai sauƙi ce. Idan aiki ya fi ƙarfin RAM, manhajar ta na aron wuri a rumbun kwamfuta ta baza kayan ta, kamar tela da teburin yanka. Idan tebur ya cika, ina zai shimfiɗa yadi?

Kuma mun san abin da ke cika shi. Kwamfutar da ake haɗa hoto da ita, ita ce dai ake turin fina-finai da ita. 'Daɗin Kowa' tun daga farko, fassarar Indiya ta Algaita, waƙoƙin biki, duk an jibge su a rumbun C. A kwashe su zuwa wani rumbun na waje, a bar aƙalla giga 20 a sarari. Sannan a rufe Photoshop, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta %temp%, a goge manyan fayilolin da sunan su ya fara da Photoshop Temp. Tarkace ne da ke taruwa duk sanda aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, wani guda ɗaya sai ya ci giga da yawa. Idan manhajar ta ƙi buɗewa sam, riƙe Ctrl da Alt a daidai lokacin da ta ke tashi, za ta tambaye ka wane rumbu za ta koma.

Wani lokacin kuma rumbun lafiyar sa lau, hannun ka ne ya yi kuskure. Hoton goshin bidiyo na YouTube fiksel 1,280 ne da 720. Idan ka rubuta lambobin alhali ma'aunin ya na kan inci, ka umarci kwamfuta ta shimfiɗa maka hoto mai tsawon mita 32, wanda ya fi filin ƙwallon kwando girma. Dole ta ce ba ta da wuri.

Akwai wasu ƙanana da ba su kai a kira su matsala ba, amma su na sa mutum zufa. Burushi ya daina nuna da'irar sa ya koma ɗan kuros: Caps Lock ne a kunne. Duk kayan aikin gefe sun ɓace: ka taɓa Tab, sake taɓa shi. Ka na shafawa babu abin da ke fita: ko dai akwai wani ɗan wuri da ka zaɓa ka manta, sai ka danna Ctrl da D, ko kuma ba a kan leyar da ka ke nufi ka ke ba. Duk abin da ka shafa ya na yin ja-ja: harafin Q ka danna. Hoto ya buɗe baƙi ƙirin ko ya na ƙyaftawa: shiga Preferences, sashen Performance, ka cire alamar Use Graphics Processor, tsofaffin kwamfutocin da ake sayowa na hannu sun fiye yin haka. Idan kuwa manhajar ta rikice gaba ɗaya, riƙe Ctrl da Alt da Shift wajen buɗe ta, ka amsa da e, za ta koma yadda ta zo sabuwa. Wannan kaɗai ya na maganin abubuwa da dama da ake yi wa fomatin.

WUTA

Ba sai an faɗa wa mutumin karkara halin wuta ba. Tun daga CS6, wanda ya fito a 2012, Photoshop ya na ajiye aiki da kan sa duk minti goma, kuma za ka iya mai da shi biyar a sashen File Handling. Masu riƙe da Photoshop 7 na 2002 ko CS3, kuma su na nan da yawa, ba su da wannan gatan, sai dai yatsa ya saba da Ctrl da S.

Mafi muni shi ne inji ya mutu a daidai lokacin da ake ajiyewa. Fayil ɗin zai iya lalacewa ɗungurungum. Shi ya sa ƙwararru ba sa dogara da fayil ɗaya: kalanda1, kalanda2, kalanda3, haka su ke yi. Masu CorelDRAW su duba cikin foldar aikin, galibi akwai wani fayil da sunan sa ya fara da Backup_of, shi ne aikin kamar yadda ya ke kafin ajiyewar ƙarshe. Wanda ya lalace kuma, a gwada buɗe shi da GIMP ko Photopea kafin a fid da rai, wani lokacin a kan dace. Mai kwamfutar tebur ya daure ya sayi UPS ko da ƙarami ne. Sannan idan hunturu ya shigo a riƙa busa ƙurar da ke toshe fanka, domin kwamfutar da ke mutuwa da kan ta bayan rabin awa, sau da yawa zafi ne ya ishe ta.

KALA TA CANZA

An yi anko shuɗi mai ɗaukar ido, kalanda ta fito, anko ya koma ruwan makuba. Uwar amarya ta ce ba za ta karɓa ba. Me ya faru?

Fuskar kwamfuta da haske ta ke haɗa kala, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin maɗaba'a kuwa da tawada huɗu ya ke aiki, shi ne CMYK, kuma akwai kalolin da haske ke iya yi waɗanda tawada ba za ta taɓa iyawa ba, musamman shuɗi mai ƙyalli da kore shar. Danna Ctrl da Y, Photoshop zai nuna maka kusan yadda abin zai fito a takarda. Idan shuɗi na son komawa makuba, rage tawadar M ta zama ƙasa da C da kamar maki 30. Ƙananan rubutu baƙi kuma a yi su da K ɗari kaɗai, domin idan aka haɗa su da tawada huɗu, injin ya ɗan goce, sai rubutun ya fito da inuwa.

Amma a kula, ba kowane aiki ake mayarwa CMYK ba. Hoton da za a kai wanki, da wanda za a buga a ƙaramar firintar shago, da wanda za a ɗora a Facebook, duk a RGB ake barin su. Tambayi mai bugun abin da injin sa ke so tun kafin ka taso daga gida. Idan kullum aikin ka duhu ya ke fitowa, hasken fuskar kwamfutar ka ne ya yi yawa, ya na nuna maka abin da babu. Idan kuma firintar shago ce ta fara fito da fuska kore-kore ko da layi-layi, kada ka taɓa manhaja, bakin tawada ɗaya ne ya toshe, a yi gwajin sa a wanke.

Tunda an zo maganar kala, bari mu faɗi wata gaskiya. Wannan ɗabi'a ta ɗaure hoto da fari har hanci ya ɓace, ba gwaninta ba ce. Fuska kamar Balarabiya, wuya da hannu kuma na mutanen Kibiya. 'Yan kallo ba yara ba ne, su na gani, dariya kawai su ke yi.

Haka nan haɗa masoyi da gwanin sa. Abin da ke tona asiri ukun nan ne: haske ya bugi Adam A. Zango ta dama kai kuma ya buge ka ta hagu, gefen jikin ka ya fito kamar an yanka da almakashi, sannan babu inuwa a ƙarƙashin ƙafar ka, ka na shawagi kamar aljani. Juya ɗaya daga cikin hotunan hasken ya daidaita, tausasa gefen da fiksel ɗaya ko biyu, ka sa inuwa. Wannan wasa ne, kowa ya san wasa ne. Wanda ba wasa ba shi ne a kawo maka hoton 'yar mutane, ko na wata jaruma, a ce ka haɗa ta da wani namiji ko ka ɗora kan ta a wani jikin. Irin wannan ya na kashe aure, ya na fasa baiko, kuma akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ranar da abin ya fashe, wanda ya kawo aikin zai ce bai san zance ba, a kwamfutar ka za a samu fayil ɗin.

HARUFFA MASU LANƘWASA

Wannan tamu ce mu Hausawa. Ka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ka ga ɗan akwati, ko harafin ya fito da wata kama daban da 'yan'uwan sa. Dalili shi ne akasarin font na ado da ake saukewa daga intanet ba a zana masu waɗannan haruffa ba. Arial da Times New Roman na Windows ɗin zamanin nan su na da su. Idan ka nace sai na adon, rubuta k ko d, ka mai da rubutun zane, ka ja masa lanƙwasar da hannu. Ya fi a bar shi haka nan, domin tsakanin ƙafa da kafa akwai tafiya.

Tsofaffin hannu za su tuna da font ɗin Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990. Sun yi wa rubutun Hausa babban aiki. Sai dai su a kan wasu maɓallan su ka ɗora haruffan, shi ya sa idan aka buɗe tsohon aiki a kwamfutar da babu su, sai ka ga baka-baka da wasu alamomi a tsakiyar kalma. Ba lalacewa ya yi ba, font ɗin ya ke nema.

Wannan ne ma ya sa duk aikin da zai bar shagon ka, a fara mai da rubutun sa zane. A CorelDRAW ka zaɓi komai ka danna Ctrl da Q, amma a kwafi, ka bar na asali saboda gyara. Ka kuma sani cewa tsohon Corel ba ya buɗe fayil ɗin sabo, don haka wajen ajiyewa ka zaɓi lambar da ta yi daidai da ta mai bugu, ka haɗa da PDF. Bisimillar katin ɗaurin aure da ke fitowa a wargaje, haruffa a rarrabe kuma daga hagu, ita ma saiti ne: a CS6 shiga Preferences, sashen Type, ka zaɓi Middle Eastern, ka rufe ka sake buɗewa. Hoton iPhone da ya ƙi buɗewa kuma, samfurin HEIC ne da Apple ya koma tun 2017, sai a juya shi zuwa JPEG.

To yaushe ne bairos ɗin gaske? Wanda ya fi yawo a shagunan turi shi ne mai mai da foldar filash ta koma 'yar alamar gajeriyar hanya. Aikin ka na nan, ɓoye shi ya yi. Kada ka danna alamar, kada kuma ka share filash ɗin. A wanke shi da manhajar kashe bairos, a umarci Windows ya nuna ɓoyayyun fayiloli, za ka gan su. Ɗaya hanyar da ya ke shigowa ita ce manhajar sata da ake saukewa kyauta, abin da kowa ya sani amma ba a son faɗa. Abin dariya ne ɗan fim ya yini ya na tsine wa masu satar fasaha, fostar sa kuma da Photoshop na sata aka haɗa ta. Tun 2013 Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata, kuma ba kowane mai shago zai iya ba, wannan gaskiya ne. Amma GIMP kyauta ne, Photopea ma haka idan akwai data, kuma dukkan su su na buɗe fayil ɗin PSD.

Idan an bi duk wannan, Windows ɗin kan sa ne ke sanƙarewa ko ba a buɗe komai ba, to a nan ne fomatin ya halatta. Kafin ka miƙa wa mai gyara, kwashe foldar aikin mutane zuwa wani rumbun, ka kwafi foldar Fonts da ke cikin Windows, ka rubuta lambar Corel da Photoshop ɗin da ka ke amfani da su a takarda, don kada ya sa maka waɗanda su ka fi ƙarfin kwamfutar ko waɗanda ba za su buɗe tsohon aikin ka ba.